HIRAR DUNIYA: Ƙwallo, Abinci Da Riga A Birnin Shikago

Duk garin da ya cika gari yana da abin da mutanensa kan taru su yi hira a kansa, su yi gardama har jijiyar wuya ta tashi, sa'an nan su watse ba wanda ya riƙe wani a zuciya. A wani garin farashin hatsi ne, a wani dawaki, a wani kuwa 'yan dambe. A birnin Shikago na ƙasar Amurka, wanda ke bakin babban tafkin Mishigan, abubuwa uku ne ba sa barin bakin jama'a daga watan Afrilu har zuwa Oktoba: wasan nan da ake kira besbol, da inda ya fi dacewa mutum ya ci abinci, da kuma irin rigar da ta kamaci 'yan wasa. Wanda ya jiyo su daga nesa sai ya ce zancen marasa aikin yi ne. Amma in aka bi hirar a hankali za a tarar akwai babbar magana a ƙarƙashinta, watau maganar wane ne mai ƙungiyar wasa, attajirin da ya saye ta da kuɗinsa, ko kuwa jama'ar da suka gaji ƙaunarta daga iyaye da kakanni.

Da fari dai ya kamata a san yadda wasan yake, gama daga tsarinsa ne hirar ta samo asali. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Wani ya tsaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo mai tauri, wadda ba ta wuce girman lemo ba, wani daga ɗaya ɓangaren kuma ya tarye ta da kulki. In ya doke ta sai ya yar da kulkin ya sheƙa a guje, yana neman ya bi ta zango uku ya komo inda ya tashi ba tare da an fitar da shi ba. Duk wanda ya kammala kewayen ya kawo ci ɗaya. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu duka su koma tsaron fili. Haka za a yi ta yi har turmi tara, kamar dai yadda ake ƙirga turmi a fagen dambe. Ba a tashi kunnen doki; in an yi daidai sai a ƙara turmi har a sami gwani.

Abin lura shi ne, yawancin lokacin wannan wasa jira ne. Mai jifa ya tsaya ya dubi mai cafewa, ya gyara hula, ya murza ƙwallo a hannu. Mai kulki ya ja da baya, ya kakkaɓe takalmi, ya komo. Bugu da ƙari, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, rabinsu a gida, watau kusan kullum ke nan. Wanda ya yi nasara yau gobe ana iya kayar da shi, saboda haka ba mai ɗora ransa duka a kan wasa guda. Sai filin ya zama kamar dandali, ko kuwa teburin mai shayi: uba ya zo da ɗansa, maƙwabci ya zauna kusa da maƙwabci, ido na kan fili, baki na kan labari. Shekara da shekaru wasan ba shi da agogo sam. A shekarar 2023 ne hukumar manyan ƙungiyoyi ta ƙayyade wa mai jifa sakan 15 in ba kowa a kan zango, sai tsawon wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 a 2022 zuwa kimanin awa 2 da minti 40. Masu gaggawa suka yi murna, wasu tsofaffin 'yan kallo kuwa suka ga an rage musu lokacin hira.

To, Shikago manyan ƙungiyoyi biyu gare ta, kuma sun raba birnin gida biyu. A arewa akwai Cubs, watau 'Ya'yan Beyar, masu wasa a filin Wrigley da aka gina a 1914, wanda ganye ya lulluɓe katangarsa, wanda kuma ba a sa masa fitilun wasan dare ba sai a 1988. A kudu akwai White Sox, watau Masu Farar Safa, waɗanda filinsu ke kusa da inda babbar mayankar birnin ta zauna daga 1865 zuwa 1971, unguwannin leburori da 'yan ci-rani da baƙar fata. Layin jirgin ƙasa ɗaya ne ke bi ta ƙofar filayen biyu, tsakaninsu kimanin mil takwas, amma da wuya a sami mutumin da zai yarda yana son duka biyun. Mutanen kudu kan ce na arewa shan hantsi kurum suke zuwa yi, ba su ma san wa ke ci ba. Na arewa kuma su ce ai filin na kudu kujeru sun fi mutane yawa.

Wannan wasan barkwanci bai bar manya ba. Barack Obama, wanda gidansa ke kudancin birnin, da aka gayyace shi ya yi jifan buɗe wasan zaratan 'yan wasa a 2009, yana Shugaban Ƙasa, da rigar sanyi ta White Sox ya fito. Haka kuma da aka zaɓi Fafaroma Liyo na 14 a watan Mayu na 2025, shi kuwa haifaffen Shikago ne, sai Cubs suka yi wuf suka rubuta a allon ƙofarsu cewa nasu ne. Ba a jima ba ɗan'uwansa ya fito ya ce ba haka ba ne, tun fil'azal ɗan White Sox ne, har aka tono hotonsa yana zaune cikin 'yan kallo a gasar ƙarshe ta 2005. Ranar nan mutanen kudu sun kwana suna dariya.

Daga zancen ƙwallo hira kan gangara kan abinci, domin wanda zai yi awa uku a zaune dole ya san abin da zai sa a ciki. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma baƙon da ya tambayi mutum goma a Shikago inda ake sayar da abinci mai daɗi, amsa goma zai samu, kuma kowace amsa tana faɗin unguwar da mai ita ya fito.

Abincin filin wasa shi ne wanda suke kira hot dog. Ma'anar sunan zazzafan kare, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da kare. Niƙaƙƙen nama ne da aka ɗura shi dogo, a dafa, a tsaga burodi a sa a ciki. Na Shikago da naman shanu zalla aka san shi, saboda Yahudawa 'yan ci-rani ne suka yaɗa sana'ar, kamar mutum biyun da suka fara sayar da shi a babban baje-kolin duniya da aka yi a birnin a 1893, waɗanda kamfaninsu ya zama Vienna Beef. A kansa akan sa mustad, da yankakkiyar albasa, da tumatir, da kokwamba da aka tsima a ruwan tsami, da ƙananan barkono, da barbaɗen gishiri mai ƙamshi. Abu guda ne ba a yarda da shi ba, shi ne jan romon tumatir na kwalba da ake kira kecaf. Babban mutum ya nemi a zuba masa shi, sai a dube shi kamar wanda ya zuba sukari a miyar kuka.

Sai kuma fiza mai zurfi, wadda aka fara yi a gidan abinci na Pizzeria Uno a 1943. Ana gasa ta a cikin tanda mai baki kamar faranti mai zurfi, cuku a ƙasa, miyar tumatir a sama, yanka biyu kan ƙosar da ƙato. Ita ce ta yi suna a duniya, amma 'yan gari da yawa kan ce wannan ta baƙi ce, tasu ita ce siririya mai ƙaras-ƙaras da ake yankawa murabba'i-murabba'i. Akwai kuma naman shanu irin na Italiyawa, wanda ake yanka shi fale-fale, a tsoma shi cikin romonsa, a cusa a burodi da barkono. Shagon Al's yana wannan sana'a tun 1938, kuma a tsaye ake cin naman, mutum ya dafa kanta ya ranƙwafa don kada romo ya ɓata masa riga. Mutumin kudu kuwa zai ce duk a bar wannan, a tafi Harold's, wurin soyayyar kaza da wani baƙar fata mai suna Harold Pierce ya buɗe a 1950, a zamanin da manyan kamfanonin abinci ke ƙyamar buɗe shago a unguwannin baƙaƙe. Wanda ya tura baƙo Harold's, har da tarihin unguwarsu yake so ya ɗanɗana masa.

A nan akwai abin da ya kamata Musulmi matafiyi ya kiyaye. Kasancewar nama na shanu ne bai nuna cewa yankan Musulmi ne ba, kuma niƙaƙƙen naman da aka fi sa wa fiza a wannan birni na alade ne. Mai neman halal sai ya nufi titin Devon a can arewacin birnin, inda gidajen abincin Indiyawa da Fakistanawa suka yi jere, har aka raɗa wa wani yanki na titin sunan Muhammad Ali Jinnah, wani kuma sunan Gandhi, don girmamawa. Da ɗan gari akan ci gari, amma sai an gaya wa ɗan garin abin da ake ci da wanda ba a ci.

Har ma tatsuniyar da ta fi kowace shahara a tarihin Cubs daga gidan abinci ta fito. Wani ɗan ƙasar Girka mai suna William Sianis, mai mashayar Billy Goat, watau Bunsuru, ya sayi tikiti biyu na gasar ƙarshe ta 1945, ɗaya nasa, ɗaya na bunsurunsa. Aka fitar da su daga fili saboda warin bunsurun, aka kuwa ce ya yi wa ƙungiyar baki. Cubs suka sha kashi a hannun Detroit, ba su kuma sake kaiwa gasar ƙarshe ba har shekara 71. Camfi ne dai, amma camfin ya cika wa mashayar kujeru. A 2003 kuma, da wata ƙwallo ta suɓuce wa ɗan wasan Cubs a daidai lokacin da ake ganin sun kusa kaiwa, sai wani gidan abinci ya sayi ƙwallon a kan fiye da dala 113,000, ya tara jama'a a 2004 aka tarwatsa ta da nakiya, wai don a karya baki. Bakin dai bai karye ba sai a 2016, ranar da Cubs suka ci Cleveland 8 da 7 a turmi na goma na wasa na bakwai, shekara 108 bayan kofinsu na 1908. Mahaƙurci mawadaci. Mutane da yawa sun tafi maƙabarta suka ajiye hula da tuta a kan kabarin iyayen da suka mutu suna jira.

Yanzu sai maganar riga, wadda ita ce ta fi fito da abin da ake nufi a fili. A da White Sox tana hannun wani mutum mai suna Bill Veeck, gwanin jawo 'yan kallo, mai ƙafar katako, wanda shi ne ya fara sa aka rubuta sunan ɗan wasa a bayan rigarsa a 1960. A 1976 ya ɗinka wa 'yan wasansa riga mai faɗin kwala wadda ake sakinta a kan wando, har a watan Agusta na shekarar ya fito da su da gajeren wando a wasa uku, abin da ya zama abin dariya a ƙasar baki ɗaya. Da kuɗi suka gaza masa, a farkon 1981 ya sayar da ƙungiyar ga waɗansu attajirai ƙarƙashin Jerry Reinsdorf da Eddie Einhorn a kan kimanin dala miliyan 20.

Sababbin masu ƙungiya suka so su nuna an shiga sabon zamani, sai suka yi shelar gasa: duk mai jin ya iya zane ya aiko da fasalin rigar da yake so 'yan wasa su sa. Zane-zane suka yi ta kwarara. Aka tace, aka fitar da 'yan kaɗan, aka nuna wa jama'a, aka ce su zaɓa. Wanda ya ci shi ne Richard Launius, mutumin Dayton ta jihar Ohio, wanda daga baya ya yi suna wajen ƙirƙiro wasannin allo. Rigarsa fara ce, da faffaɗan ratsi shuɗi a ƙirji, ja a sama da ƙasansa, an rubuta SOX da manyan baƙaƙe a tsakiya, lambar ɗan wasa kuma har a cinyar wando. Masu ido suka ce ta yi kama da rigar masu wasan ƙauye. Waɗanda suka zaɓe ta kuwa ko a jikinsu.

An fara sa ta a 1982. A shekarar da ta biyo, 1983, ƙungiyar ta ci wasa 99 a ƙarƙashin mai horarwa Tony La Russa, ta ba ta biyu a rukuninta ratar wasa 20, ta kuma shiga wasannin neman kofi karo na farko tun 1959, ko da yake Baltimore ta tare ta a hanya. A wannan shekara ne mai horar da ƙungiyar Texas ya yi musu ba'a cewa cin nasu ba kyan gani. Maimakon su ji haushi, sai mutanen kudu suka ɗauki ba'ar ta zama kirarinsu. Bayan 1986 masu ƙungiya suka ajiye rigar ba tare da sun tambayi kowa ba, a ƙarshen 1990 kuma suka koma baƙi da fari, launin da mawaƙan zamani suka ɗauka suka yaɗa a duniya. Amma rigar gasa ba ta mutu ba. Jama'a suka ci gaba da nemanta da sa ta, har a 2013 ƙungiyar ta dawo da ita 'yan wasa suna sawa a waɗansu ranaku. An ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan kuwa ba ta aro ba ce, su suka zaɓa da hannunsu.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Shekara bakwai kacal bayan gasar riga, a 1988, waɗannan masu ƙungiya suka ce in ba a gina musu sabon fili ba za su kwashe ƙungiyar su kai ta birnin St. Petersburg na jihar Florida. Ba barazanar banza ba ce, domin kowa ya tuna yadda aka ɗauke Dodgers daga Brooklyn aka kai Los Angeles bayan wasannin 1957, aka bar masoyanta da hannu biyu a ka. A daren 30 ga watan Yuni na 1988, Gwamna James Thompson da kansa ya shiga zauren majalisar jihar Illinois yana bin wakilai ɗaya bayan ɗaya, har aka amince da dokar a daidai tsakar dare. Aka gina fili da kuɗin hukuma, aka ɗora wa otal-otal haraji don biyan bashin. Kafin a kafa tubali sai da aka tashi mazauna unguwar da ke daf da wurin, yawancinsu baƙar fata, aka kuma rushe tsohuwar mashayar McCuddy's, inda 'yan kallo suka yi shekaru da dama suna taruwa kafin wasa da bayansa. Sabon fili ya buɗe a 1991, tsohon filin Comiskey na 1910 kuwa aka baje shi. Da ana zancen launin riga an kira jama'a a ji ra'ayinsu. Da aka zo zancen tashi ko zama, a ofis da zauren majalisa aka gama magana.

Ko sunan sabon filin ma bai tsira ba. Tun daga 2003 sau uku ana sauya shi, kowane sauyi da sunan kamfani. Sai dai a nan jama'a ke da iko, gama ba mai iya sayen abin da ke bakin mutane: tsofaffi har yau Comiskey suke cewa, ko kuwa filin Sox. A 2005 ƙungiyar ta share musu hawaye, ta ci kofin da rabonta da shi tun 1917. A 2024 kuma ta jefa su cikin kunya, aka cinye ta sau 121 cikin wasa 162, adadin da ba a taɓa gani ba tun daga 1900. 'Yan kallon da suka rage suka riƙa ɗaga alluna suna kira da babbar murya a sayar da ƙungiya. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma mutanen Oakland ta jihar California suka yi ban kwana da tasu ƙungiyar, bayan ta yi shekara 57 a garinsu.

Saboda haka duk mai cewa hirar ƙwallo da abinci da riga zancen banza ce, ya kamata ya sake lissafi. Ƙungiyar da aka saya dala miliyan 20 a 1981, masu kimanta dukiya sun kai darajarta wajen dala biliyan 2 a 2024. Kulki da ƙwallo ba su ne suka ninka ta haka ba. Gidajen talabijin da masu talla suna biyan maƙudan kuɗi ne domin akwai mutanen da ke kallo, mutanen kuwa suna kallo ne domin akwai abin da za su tattauna gobe a wurin aiki, da a layin sayen kaza, da a cikin jirgin ƙasa. Takardar mallaka tana hannun attajiri, wannan ba gardama. Amma ranar da mutanen kudancin Shikago suka daina gardama a kan wace riga ta fi, da wane shago ya fi iya nama, ranar ce zai gane abin da ya saya fili ne da kujeru. Mai ƙungiyar da ke da hangen nesa, in ya tambayi jama'a launin riga, sai ya tambaye su kuma kafin ya ɗaga musu kuɗin shiga, ko ya sayar da sunan filinsu, ko ya fara duban hanyar wani gari.